Ta Sauka Lafiya

Babana shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaron ɗakin sigina a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, irin tashar da fasinja ba ya ko ɗaga kai ya karanta sunanta. Ɗakin a sama yake, sai ka taka matakala goma sha huɗu. A ciki akwai tebur, da kujerar da ya tokare ƙafarta ɗaya da guntun katako, da manyan ƙarafan juya layi guda shida, da tuta ja da koriya, da littafin aiki, da wata baƙar waya mai nauyi wadda ba ta kiran ko'ina sai tashar da ke sama da tamu. 'Yan unguwa Mai Tuta suke ce masa. Mu a gida, idan ya ba da baya, Agogo muke kiransa, don mutum ne da in ya ce ƙarfe bakwai, to bakwai da minti ɗaya ka makara. Inna takan ce ita dai agogo aka aura mata, har yau tana jiran a kawo mijin.

Tsakanin tasharsa da ta sama layi ɗaya ne tal, kilomita goma sha tara, kuma jirgi biyu ba sa shiga wannan tsakanin lokaci guda. Idan tashar sama ta sako jirgi, ba ta sako wani a bayansa sai Baba ya ga na farkon ya shigo da idonsa, ya ƙirga shi har taragon ƙarshe, ya rubuta a littafi, sannan ya faɗa a waya. Har kalmomin da za a faɗa doka ta tsara su: lambar jirgi, ya iso cikakke, layi a buɗe yake. Na can ya maimaita, na nan ya ce haka ne.

Wanda ke ɗaukar wayar a can shi ne Kawu Dogo. Ba mu haɗa jini da shi ba, amma shekara ashirin da biyu suna magana da Baba sau talatin a yini, ka ga kuwa ya wuce a kira shi baƙo. Da wuya su ga juna sau uku a shekara. Duk da haka Kawu ya san ranar da na fara famfara, Baba kuma ya san irin maganin da ake shafa wa Kawu a gwiwa. Shi Kawu mutum ne mai tsokana, kuma shi kaɗai na sani a duniya da ke iya sa Baba dariya har ya share hawaye.

Akwai wani jirgin hantsi na talakawa da ke tsayawa a kowace tasha, kullum a cike maƙil, mutane har bakin ƙofa, yana tafe yana nishi. Kawu ne ya raɗa masa suna Mai Ciki, ya mai da shi mace ƙarfi da yaji. Tun daga nan doguwar maganar doka ta bi ruwa a kan wannan jirgin kaɗai. Kawu zai bugo ya ce, "Ta sauka?" Baba ya ce, "Ta sauka lafiya." Shi ke nan an ba da layi. Sun fi shekara goma sha biyar suna haka, ko akuya ba a taɓa takewa ba. Ni kaina ina yarinya, idan na kai masa abinci, na sha jin su ina ƙyalƙyala dariya.

To ni ce babbar 'yarsa, kuma ni ce na yi shekara tara a gidan miji ina ɓari. Huɗu na yi. Baba bai taɓa buɗe baki ya yi mini maganar ba, iyakarsa ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya ce ya jiki, ya duba agogonsa, ya tashi. Na daɗe ina jin haushinsa, ina cewa dutse ne a ƙirjinsa. Ashe duk abin da ya kasa gaya mini, a kunnen Kawu yake juye shi. Ciki na biyar ya zauna, ya kai wata tara, dattawan nan biyu suna ƙirga mini kwanaki a wayar aiki ban sani ba.

Ranar da naƙuda ta tashi, da safe aka kai ni asibiti. Baba ya nemi a turo wanda zai canje shi, aka ce babu mutum. Ya hau ɗakinsa, abu na farko da ya gaya wa Kawu shi ne an tafi da ni, ya taya shi addu'a. Ƙarfe goma da minti arba'in Kawu ya sako Mai Ciki. Sha ɗaya da minti goma ya kamata ta shigo. Saura kilomita uku ta iso, a wata kwana tsakanin duwatsu, injinta ya mutu. Rediyon direbobi ya shekara biyu da lalacewa, an rubuta an gaji, don haka babu wanda ya sani.

Sha ɗaya da minti goma sha biyu maigidana ya kira Baba a wayar hannu, ya ce, "Baba, ta sauka! Ita da jaririyar duk lafiya!" Bai ko ajiye wannan ba baƙar wayar ta yi ƙara. Kawu ne, jirgi mai sauri na tsaye a gabansa yana ta busa masa ƙaho.

Ya ce, "Ta sauka?"

Baba ya ce, "Ta sauka lafiya, Dogo! Lafiya lau, wallahi!"

Kawu ya ce madalla, ya kashe.

Daga baya Baba ya gaya mana cewa ya zauna a kujerar nan yana murmushi shi kaɗai, bai san ko minti nawa ba. Sai ya leƙa taga. Ga mutane can a dandamali da jakunkunansu, suna ta miƙa wuya wajen da jirgi ke ɓullowa. Ya dubi littafinsa, layin Mai Ciki babu komai a kai. Ya fizgi waya. Kawu ya ce, "Ai na sake shi, yanzu minti huɗu ke nan. Ba kai ka ce ta sauka ba?"

Ya ɗauki jar tuta ya sauko, ya bi layi da gudu. Mutum mai shekara hamsin da takwas, da takalmin aiki, a kan tsakuwa. Ya san lissafin ya fi kowa, ya san ba zai kai ba, amma ya ci gaba da gudu. Bai yi rabin tafiyar ba ya ji ƙarar. Ya ce bai faɗi ba, bai kuma tsaya ba, tutar kawai ya lura ba ta hannunsa da ya isa wurin.

Mutum sittin da uku suka mutu, yawancinsu a taragu biyun baya na Mai Ciki. Asibitin da nake nan aka yi ta kawo su. Wata nas ta zo ta ce in yi haƙuri in sauko, suna buƙatar gadon, aka shimfiɗa mini zane a ƙasa. Ina kwance da 'yata a gefe, ina kallon ƙafafun mutane suna wucewa da gudu, wata mata tana bin ɗaki ɗaki da takalmin yaro ƙafa ɗaya a hannu. Da la'asar Baba ya shigo, rigar aikinsa ta rine da jini. Inna ta miƙa masa jikarsa ta fari. Ya ɓoye hannuwansa a baya ya ce ba su da tsabta.

Aka kafa kwamitin bincike, kuma a takarda Baba fes yake. Littafinsa bai nuna jirgi ya iso ba, bai nuna ya ba da layi ba. Na Kawu kuwa ga shi da rubutun hannunsa: layi a buɗe, sha ɗaya da minti goma sha uku. Da aka tambaye shi wa ya ba shi, ya ce Mai Tuta. Aka ce da waɗanne kalmomi? Ya ce, "Na ce ta sauka, ya ce ta sauka lafiya." Shugaban kwamitin ya cire tabarau ya ce shi fa ba ɗakin haihuwa ya zo bincike ba. Har da masu dariya a wurin, Allah ya isa.

Washegari za a kira Baba. Da yammar ranar ya tara mu ni da Inna a falo, ya faɗa mana komai tiryan-tiryan, ya ce gobe haka zai faɗa musu. Inna ta rufe fuska da mayafi. Ni ce na yi magana, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na ɗauko 'yata, kwananta goma sha tara a duniya, na ajiye masa a cinya ko yana so ko ba ya so.

Na ce, "Baba, in ka faɗi haka, me za a riƙa kiran yarinyar nan? Wadda haihuwarta ta kashe mutum sittin da uku? Haka za ta tashi ana nuna ta a makaranta? Shekara tara ina jiranta. Ita Inna kuma wa za ka bar wa? Ban ce ka yi ƙarya ba. Abin da suka tambaye ka kawai za ka amsa."

Ya daɗe yana kallon fuskar yarinyar.

Bai kuwa yi ƙarya ba, wannan ne abin da ke ci na har gobe. Suka ce ka ba shi layi? Ya ce bai ba shi ba. Kun yi waya? Ya ce sun yi. A kan me? Ya ce shi maganar haihuwar 'yarsa ya yi. Sai wani a cikinsu ya ce, shin gaskiya ne kun saba ba da layi da wannan kalma? Kawu na zaune a benci tsakanin 'yan sanda biyu, ya ɗago kai yana kallonsa. Baba ya dubi tebur ya ce, "Ba ta cikin littafin doka, ranka ya daɗe." Da maganar ta je kotu, shekara goma sha biyar alƙali ya yanka wa Kawu.

Baba bai ƙara hawa matakalar nan ba. Ya ajiye aiki, ya yi wata uku ba ya fita ko ƙofar gida, sannan wata safiya ya sa rigarsa mai kyau ya tafi hedikwata ya ce ya zo ya gyara maganarsa. Aka ce an rufe fayil. Ya koma, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Wani akawu ya ja shi gefe ya ce, "Baba, ka je gida ka gode wa Allah. Mutane na neman hanyar fita, kai kana neman ta shiga?" Lauyan da muka gani ya ce ko an karɓi maganar ba za ta fito da Kawu ba, sai dai a ƙara masa abokin zama. Baba ya ce ya yarda, a ƙara ɗin. Lauyan ya dube ni kamar in kai shi asibiti.

Daga nan ya koma rubuta takardu. Duk sati ɗaya, da kyakkyawan rubutunsa na littafin aiki, da lokaci da minti, ya ba ni in kai gidan waya. Ko ɗaya ba a taɓa amsawa ba. Aka fitar da iyalin Kawu daga gidan ma'aikata. Na haɗu da matarsa a kasuwa na durƙusa har ƙasa, ta bi ta gefena kamar an ajiye buhu. Baba ya je gidan yari ya fi sau ashirin, kullum gandiroba ya dawo ya ce mutumin ya ce ba ya ganin kowa. Jikarsa kuwa yana saya mata takalmi, yana raka ta makaranta, amma ban taɓa ganin ya yi mata wasan da kakanni ke yi ba. Ita tana ɗauka haka halinsa yake.

A shekara ta bakwai saƙo ya zo cewa Kawu ba shi da lafiya, kuma ya ce Mai Tuta ya zo. Ni na raka shi. Ɗakin ziyara dogo ne, da ragar ƙarfe a tsakiya, kowa na ɗaga murya don a ji shi. Da aka fito da Kawu ban gane shi ba. Tsawon nan duk ya tanƙware, rigar fursuna tana lilo a jikinsa.

Baba ya kama ragar ya ce, "Dogo, na je na faɗa musu. Na rubuta, wallahi na rubuta ya fi sau ɗari uku."

Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Na ji labari. Ba shi ya sa na kira ka ba. Abu ɗaya ke damuna, ranar nan na kashe waya ban tambaye ka ba. Me aka samu?"

Baba ya saki ragar. Ya ce, "Mace."

"Tana raye?"

"Tana raye. Tana aji biyu."

"To Allah ya raya ta." Ya juyo ya dube ni. "'Yata, ke ce kika zama haka? Sannu. Kin sha wuya."

Na buɗe baki in ce masa ni ce, ni na hana, ni ya kamata ya tsana. Kuka ya ci ƙarfina, ban faɗa ba. Gandiroba ya buga sanda a ƙofa ya ce saura minti ɗaya.

Baba ya ce, "Dogo, ka yafe mini?"

Kawu ya dubi hannuwansa. Sannan ya ce, "Na gwada, Mai Tuta. Wallahi kullum sai na gwada. Abin ya ƙi." Ya dafa bango ya miƙe, aka shiga da shi.

Bayan sati biyar ya rasu a can ciki, da sauran shekara takwas a kansa. Ni na kai wa Baba labarin, na same shi a tebur yana rubuta takardar wannan satin. Ya saurare ni har na gama, biro na hannunsa. Sannan ya tambaye ni ko akwai sauran ambulan a gidan.