Ƙwaryar Ƙarar Gwaggo Tabawa

Gwaggo Tabawa ba ta zuwa ofis hannu rabbana. Ku da kuka san ta kun sani, in za ta kai ƙara to da abin da take ƙara a kai take tafiya, cikin ƙwarya, rufe da faifai. Aka ce ta rubuto sai ta taɓe baki ta ce, "Takarda ba ta wari, shi ya sa kuke iya kwana da ita."

Yayar mahaifina ce, 'yar gajeruwa, amma bakinta ya fi ta tsawo. A shekarun nan na fari, da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu sama ma ta tsuke nata, famfon tuƙa-tuƙa ɗaya tilo na garinmu ya lalace. Muka koma shan kududdufi tare da shanu. Kafin a gama noman farko kurkunu ya kwantar da majiya ƙarfi, ciyawa ta cinye gonaki. Ni lokacin ina koyarwa a firamare, ina ji da Turancina, sai na rubuta wa sakateriyar ƙaramar hukuma takarda har uku. Duk zuwan da na yi akawun bakin ƙofa ya ce mini ana dubawa.

Rannan Gwaggo ta ce, "Malam Bature, Turancin ya ƙare? Ɗauko kekenka."

Muka isa, akawun bai ko ɗago kai ba. "Inna, koke ne? Ga akwati can, a saka a ciki."

Akwatin katako ne kafe a bango, a kulle, da ɗan rami a sama. Gwaggo ta ɗage faifai. Ruwan kududdufi ne kore shar, da mushen kwaɗo yana yawo a kai. Ta yi bisimilla ta tsiyaya ruwan ta ramin, ta sa tsinke ta tura mushen.

"Inna! Inna! Me kike yi haka?"

"Ba kai ka ce a saka a ciki ba, raggo?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwana uku wari ya hana su zama. Aka nemi mabuɗi sama da ƙasa aka rasa, sai kafinta aka kira ya ɓalle akwatin. Aka tarar da gidan zanzaro, da mushen kwaɗon Gwaggo, da takarduna uku, ko buɗe su ba a yi ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kun zaci famfo za su zo gyarawa? Ina! Takarda suka aiko wa mai gari cewa wata tsohuwa ta ci zarafin ma'aikaci a bakin aikinsa, an kafa kwamiti zai zo bincike. A kan ruwa ba a samu mai tasowa ba, a kan "raggo" sai ga mota da mutum uku cikin manyan riguna.

Gwaggo ta shimfiɗa musu sabuwar tabarma a zaure, ta gaishe su kamar surukai. Ta koma ciki ta fito da ƙwarya fara tas, ta durƙusa gaban shugabansu.

"Alhaji, baƙo ruwa ake fara ba shi."

Kowa ya sani, ƙin ruwan mai gida raini ne, ga dattawan gari zaune suna kallo. Alhaji ya leƙa ƙwarya, ya ga abubuwa suna wutsil-wutsil. Ya yi gyaran murya.

"Ai Hajiya, azumi nake."

Na biyu ya ce shi ma. Na uku ya ce shi ramuwa ma yake yi.

"Ikon Allah! Ranar Talata? To Allah ya karɓa. Sai dai Alhaji ka tofar da goron nan na bakinka, kada ya rage maka lada. Ku zauna a yi buɗa-baki da ku, mu ma da shi muke yi."

Liman ya sa hannun riga ya toshe baki. Ba su kai la'asar ba suka tafi, maganar ta ba akawu haƙuri kuwa ba wanda ya ko tayar da ita.

Bayan mako guda muka ji wai an ɗauki mataki. An dakatar da Sabo makaniki, mai gyaran famfuna, an ce sakacinsa ne. Mu sakarkaru har murna muka yi, an dai hukunta wani. Gwaggo kuwa tana kwance, kurkunu ya fito mata a idon sawu, amma sai da ta tashi zaune.

"An bar jaki ana dukan taiki! Sau uku yaron nan yana zuwa a keke, ya kwance famfon ya ce roba da sanda yake nema, masu sito sun hana shi. Ni na dama masa fura. Mai 'ya'ya shida za su kora a wannan yunwar saboda bakina?"

Ba ta iya taka ƙasa, sai a amalanken shanu aka kai ta. Ta sa aka sauke ta daidai ƙofar shugaban ƙaramar hukuma, ta kwance tsumman ƙafarta, ga kurkunu fari naɗe a tsinke.

"Ranka ya daɗe, yau ƙwarya ta yi kaɗan, da ƙafar na zo. Sabo bai iya gaisuwa ba, wannan na yarda, amma ya iya aiki. A mayar da shi a ba shi kayan gyara, in ba haka ba nan za mu tare, ni da abokin zamana."

Shugaba ya kau da kai yana salati, ya aika a kira mai sito. Kafin Juma'a famfo ya kawo ruwa. Sabo da kansa ya kai mata kofin farko har gado, ya durƙusa ya miƙa mata. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, muna jiran sa albarka.

"Tsatsa yake yi. Kuma ka yi latti."

Amma ta shanye tas, ta ce a ƙaro.

Ranar da ta rasu, Sabo ya tsufa, gemu ya yi fari, ya taso tun daga garinsu. Da aka ce a ɗebo ruwan wankanta, ya riƙe hannun famfon ya hana kowa taɓawa. Shi kaɗai ya tuƙa har tuluna suka cika, yana yi yana share ido da kafaɗa. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tabawa, ya yafe mata kaifin bakinta, don ba ta taɓa wasa shi saboda cikinta ba. Yadda ta shayar da gari, Allah ya shayar da ita ruwan Alkausara. Amin.