Angon da na yi wa tsiya tun yana ciki

Ko tsufa ya sa na daina gane ƙofar ɗakina, ba zan manta da zuwan 'yata ta fari goyon ciki ba.

Mijinta ya kawo ta gidanmu na Zongo a kan moto, wato babur, tun lokaci bai yi ba. Ina ganin fuskarsu na san ba lafiya. Ya durƙusa ya ce, "Inna, an yi hoton ciki, an ƙara da wani gwaji. Likita ta ce yaron yana da tirizomi."

Na ce, "Yi mini Hausa."

Ya ce halitta ce tun farkon shigar ciki, ba ta warkewa. Zai yi jinkirin tafiya da magana, wataƙila zuciyarsa ma ta buƙaci kulawa. Kuma ba wani abin da uwar ta ci ko ta yi ne ya jawo ba.

'Yar tawa dai ba ta yarda da wannan na ƙarshen ba. Ta shige ɗaki ta fuskanci bango, ta daina cin abinci. Na aika unguwar Tanghin aka sayo ɗanyen zogale, na yi mata kwaɗon da take so, ya wuni a rufe. Ina kallo wuyanta yana ramewa, ga rai biyu a jiki ɗaya.

To, ni mutuniyar zamanin da ce. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a lallashinta, balle a rungume ta. Tun da na haife ta "ke" nake ce mata. Bakina cike da magana, kunya ta hana ni.

Amma jika ai babu kunya tsakaninmu. Jika namiji mijin kakarsa ne na wasa. Wata rana da hantsi na shiga da ƙwaryar fura, na zauna. Ban dubi fuskarta ba, cikin na duba.

"Kai, maigida! An ce mini kai malalaci ne, ba ka son gaggawa. Madalla. Kakanka kullum cikin sauri yake, har ya koma ga Allah bai taɓa zama mun gama hira ba."

Na ci gaba.

"Kuma kada ka zo mini da hancin gidan ubanka, na gaya maka."

Sai na ji ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka. Ta dafe ciki. "Inna, ya motsa!"

"Ya ji muryar matarsa."

Ta share ido, ta ce a hankali, "Inna, in mutane suka gan shi fa?"

Na sake duban cikin. "Gaya wa uwarka ni zan goya ka mu zaga Zongo har unguwar Dapoya, mai kallo ya kalla ya ƙoshi. Gaya mata ba laifinta ba ne. Ta kuma sha furar nan, ba na son ramammen miji."

Ta shanye tas, har ta nemi ƙari.

Ya zo duniya, aka yanka rago, aka yi suna gida cike. Mun sha zaryar asibiti, mun sha fargaba, ba zan ɓoye ba. Ya daɗe bai yi tafiya ba, amma ranar da ya taka, wurina ya nufo, ya tuge mini ɗankwali yana ƙyalƙyala dariya.

Abin da na koya shi ne, wanda tsoro ya kama ba ya jin ƙaunar da aka bari a zuci. Sai an san yadda aka yi aka faɗa masa, ko da ta bakin wasa ne.