La'asar ɗin Baba a Tsohon Dandali

Ko zan manta komai na zamanmu a unguwar Coal Camp, ba na jin zan taɓa manta la'asar ɗin da na kai mahaifina wani kango a bayan garin Enugu don a ji muryarsa.

Baba shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Bai taɓa shiri da lasifika ba, in an ɗauke wuta ma kamar an yi masa kyauta ne, sai ya fito bakin ƙofa ya saki murya. Har maƙwabtanmu Ibo suna cewa da kiransa na asuba suke tashi su ɗora ruwa. Kwatsam ciwon maƙogwaro ya kama shi, aka yi masa aiki a asibiti. Rai ya tsira, murya kuwa ta tafi, sai raɗa. Masallaci ya naɗa wani ladani, kuma ba laifinsu ba ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a gida ma an gaji. In ya yi magana sai a ce, "Me ka ce, Baba?" A karo na biyu sai ya ɗaga hannu alamar a bar shi. A hankali ya daina magana gaba ɗaya, ya koma sahun baya a masallaci, abinci ma sai an yi da gaske.

Lokacin ina jami'a ina karatun zanen gine-gine, ga ni da rawar kai irin ta wadda ta fara sanin abu. Wata rana malaminmu ya nuna mana hotunan dandalin wasan kwaikwayo na Girkawan dā. A jikin tudu suke sassaƙa shi, rabin da'ira kamar an raba ƙwarya biyu, kujerun dutse hawa-hawa, sai fili zagayayye a ƙasa inda 'yan wasa ke tsayawa. Da Rumawa suka zo sai suka ɗaga doguwar katanga a bayan 'yan wasan, wadda ke maido da sauti wurin jama'a. Ya ce a wasunsu har yanzu in mutum ya tsaya a tsakiya ya yi magana ƙasa-ƙasa, na can ƙololuwa yana jinsa. Daga ƙarshe ya ƙara da cewa akwai wata tsohuwar kwaleji a gefen gari da ta taɓa kwaikwayon irin ginin da siminti. Ban ji sauran darasin ba, Baba kawai nake gani a tsakiyar filin nan.

Washegari na nufi kasuwar Ogbete wurin aminin Baba, wani tsoho mai sayar da albasa da suka zo Kudu tare tun suna samari. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe bayani na ba shi. Sai da na maimaita ina ɗaga murya, yana tara hannu a kunne, ni kuwa na ɗauka hayaniyar kasuwa ce.

"To 'yata, gini ne zai yi masa magana?" in ji shi.

"Ba magana zai yi ba, muryarsa zai ɗauko ya kawo muku."

Ya dube ni ya ce, "Allah Ya yi miki albarka. Zan tara tsofaffin."

Ranar Lahadi muka cika ƙaramar bas, ni da Baba da dattawan unguwa waɗanda suka tsufa a bayan kiransa. Duk ɗokin nan, ko sau ɗaya ban je na duba wurin ba. Na yarda da hoto da bakin malami, na manta gani ya kori ji.

Mai gadin kwalejin ya buɗe mana yana dariya. "Na only lizard dey act drama for there now," in ji shi, wai ƙadangaru ne kaɗai ke wasa a wurin yanzu. Da muka tsaya a saman tudun sai na leƙa ƙasa. Rabin da'irar tana nan, amma ciyawa ta cinye ta. Katangar bayan, wadda ita ce duk abin da na dogara da shi, ta zube, an kwashe bulonta. Kujerun ƙasa an ɓamɓare fale-falensu, mai gadin ya ce mutane ne ke ɗauka suna rufe kwata. Malaminmu ya faɗa mana haka aka yi wa na Rumawa, aka riƙa jidar duwatsunsu ana gina gidaje, sai dai a aji abin bai yi mini ciwo ba. Ga kuma sabon titi a ƙasa, tireloli na ta wucewa, ga injin masu buga bulo yana ta ruri.

Na juya zan ce mu koma, ashe Baba har ya fara sauka da sandarsa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya bi matakalan nan da suka farfashe a hankali har ya kai tsakiya, ya dubi inuwa ya tabbatar lokaci ya yi. Alƙibla ta faɗo daidai wajen kujerun, don haka mu yake fuskanta. Dattawan suka zazzauna can sama kamar yadda na tsara, ni ina gefe ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ajiye sanda, ya sa yatsu a kunne, ya buɗe baki. Wallahi ban ji komai ba. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga ƙirjinsa na hawa da sauka, amma in ban da injin bulo babu abin da ke isowa. Na kawo mutumin da ya rasa murya gaban abokansa don ya sake rasa ta a bainar jama'a. Hawaye suka ɓalle mini.

Sai na ji mai albasa ya ɗaga murya, "Allahu Akbar, Allahu Akbar!" Sauran suka bi. Amsa kiran suke yi, yadda ake amsa wa ladani. Kuma ba su riga shi ba, ba su makara ba. Baba yana da wani dogon ja da yake yi a shahada ta biyu, sai suka yi shiru suka jira shi daidai tsawon jan nan, sannan suka amsa. Da ya juya dama suka ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah," har da masu rawar murya. Haka suka raka shi har ƙarshe. Muka sauka aka share filin, aka shimfiɗa tabarmi, suka yi la'asar ina bayansu.

A bas na zauna kusa da shi, na daure na ce, "Baba, mun ji ka tangaran."

Ya jawo kaina kusa da bakinsa. "Uwata, kar ki wahalar da kanki," ya raɗa mini. "Mai albasa ya daɗe ba ya jin ko ƙahon tirela. Kuma shi ya fara amsawa." Ya maida numfashi, sannan ya ce, "Na ɗauka da muryar ta tafi sun manta ta. Ashe tana wurinsu."

Daren nan ya cinye tuwonsa, ya kuma koma sahun gaba. Sai dai ciwon ya dawo, damina ba ta ƙare ba muka rasa shi. Mai albasa ne ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Yau zanen gini ne sana'ata, na kuma san yadda ake jera kujeru da katanga don sauti ya kai nesa. Amma abin da la'asar ɗin nan ta koya mini ba ya cikin littafi: wanda murya ta ƙare masa ba gini yake buƙata ba, mutanen da za su tsaya su jira ya gama yake buƙata. Mu da muke gida ɗaya da Baba, da lafiyayyun kunnuwanmu, mun kasa yi masa abin da kurma ya yi.