Wa Zai Kunna Su Ranar Asabar?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Yamusa Sale, tsohon jami'in kwamfuta a ma'aikatarmu, a gidan da yake haya a Dutse Alhaji.

Yamusa, tare muka fara aiki tun zamanin tafireta. Ranar da aka kawo kwamfuta ta farko ofishinmu, mai ƙatuwar ƙeya da faifan da ake zura mata a baki, duk mun ja baya kamar an ajiye mana maciji. Kai ka zauna da mu ɗaya bayan ɗaya. Ni na fi kowa taurin kai, amma ko sau ɗaya ba ka yi mini tsaki ba.

Duk lokacin da aka sauya na'urori, sai ka nemi izini ka kwashi tsofaffin. Muka yi ta maka tsiya, muna kiranka sarkin bola. Kai kuwa ka ware musu ɗaki guda, ka jera su daga tafireta har zuwa ta ɗorawa a cinya. Kowace Asabar kana kunna su bi da bi, babba kafin ƙarama, malaman unguwa na kawo ɗalibai su ga inda wayar hannunsu ta samo asali. Kakan ce na'urar da aka daina kunnawa mutuwa take yi.

Yanzu mai gidan hayar yana son ɗakinsa da an yi arba'in. 'Yan gwangwan kuwa tun ranar sadakar uku suka zo da sikelinsu. Na zaga makarantu har Mararaba ina neman mai karɓar na'urorin. Kowa sai ya ce in dawo. Wallahi na gaji, Yamusa, ƙafafuna ba irin na da ba ne.

Asabar ɗin da ta wuce na je. Babbar kwamfutar ta ƙi tashi. Matarka Hajiya Kande, da ke takaba, ta ce daga bayan labule, "Malam, ɗan buga ta a gefen hagu, haka yake yi mata." Na buga, ta kawo haske. Sai na ji kukan Hajiya.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kande, da 'yarka Kauthar, da dangi baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri. Wannan Asabar ma zan je in kunna su, in Allah Ya yarda. Ta gaba ce ban sani ba.