Kafintan da Ba Ya Buga wa Matattu Ƙusa

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa. Ni ina taka keken ɗinki, shi yana jan zarto, garin katakonsa yana biyowa ta wata kafa a gindin bangon ya kwanta a kan yadin mutane. Na yi masifa har na gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Tela, yi haƙuri, gobe zan toshe." Goben nan ba ta zo ba har aka raba shi da shagon.

Kafinta ne. Yakan yi kujera da gado in aiki ya ja baya, amma abin da aka san shi da shi akwatin gawa ne. Duk wanda ya rasu a cocinmu, a hannunsa yake samun ɗakinsa na ƙarshe. Ni ce mai ɗinka farin yadin da ake shimfiɗawa a ciki, da ɗan matashin kai.

Duk layinmu Baba Ba-Ƙusa ake ce masa. Jikin akwati yakan haɗa shi yadda kowane kafinta ke haɗawa, amma murfi bai taɓa buga masa ƙusa ba. Huda shida yake yi, ya zauna da wuƙa ya feƙe 'yan sandunan katako shida masu kaurin ɗan yatsa, waɗanda yake kira fegi. In an rufe akwati a bakin kabari, da babban yatsa yake danna su ɗaya bayan ɗaya. Murfin yakan zauna daram, amma wanda ya sa kafaɗa daga ciki zai ɗaga shi.

Ni bakina ba shi da linzami. Wata rana na ce masa, "Baba, Allahn da zai ta da ƙashin da ya zama ƙasa, 'yar ƙusa ce za ta gagare shi?"

Ya yi dariya har ya ajiye wuƙar. "Ba za ta gagare shi ba," in ji shi. "Ni ne ba na so in zama mai kulle ƙofar da na san za a buɗe. Kuma an buga wa Ubangijina ƙusa sau ɗaya, ta isa."

Fastonmu ya taɓa cewa a kan mumbari wannan ba koyarwar ikilisiya ba ce, ra'ayin Baba ne kawai. Da mahaifiyarsa ta rasu, shi da kansa ya zo shago yana sosa ƙeya, ya ce a yi mata irin mai fegin nan.

Baba da matarsa, wadda kowa ke kira Mama, sun haifi uku, babu wanda ya kai yaye. Abin da suke da shi a duniya ƙanensa ne, Auta. Yana ɗan shekara shida iyayensu suka rasu, Baba ya ɗauko shi, Mama ta goya shi. Baba ya sa shi makaranta, ya koya masa riƙe zarto, ya yi masa aure. Sai dai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Auta bai son abin da zai fasa masa tafin hannu. Abin da Allah ya ba shi murya ce, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, murya ce ta gaske. Shi ke ba da waƙa a kowace jana'iza. In ya ɗauko waƙar tashin matattu a bakin kabari, har maza sukan juya baya su share ido. Mukan ce yayan ya yi ɗaki, ƙanen ya yi rakiya.

Da Mama ta rasu, Baba ya sayo katakon maɗaci daga gungume ɗaya, ya yi akwati biyu. Na ce masa haba Baba, wannan ai kiran mutuwa ne. Ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Tare muka kwana shekara arba'in, tare za mu tashi, to bari mu tashi daga itace ɗaya." Ya sa na ɗinka shimfiɗa biyu a rana ɗaya. Ina kan ta biyun farin zare ya ƙare mini, na ƙarasa kusurwar matashin da shuɗi. Na ce zan warware, ya ce in bari, shi zai kwanta a kai kuma ba zai kai ƙara ba. Aka binne Mama a nata. Nasa ya ɗora shi a kan katakon rufin shago, ya lulluɓe da tsohon bargo. Duk ranar Asabar sai ya hau benci ya kakkaɓe shi.

Bayan shekara bakwai, wata safiya na ji zarto ya tsaya a tsakiyar yanka, sannan na ji faɗuwar abu mai nauyi. Na same shi a ƙasa cikin garin katako, baki ya karkace. Ɓarin jikinsa na hagu ne ya shanye. Kafin a sa shi a mota ya laluba aljihu da hannun dama, ya damƙa mini makullin shago. Bai iya cewa komai ba, amma na gane.

Kwana tara yana asibiti bai san inda yake ba. Likita ya ce a kira dangi. Dangin kuwa mutum ɗaya ne.

A rana ta goma Auta ya zo da motar ɗaukar kaya, ido jawur. Ya ce, "Tela, ba ni makulli. Jikin Yaya sai addu'a. Gara in kwashe kayan aikin nan in adana a gida kafin ɓarayi su ji labari." Na ba shi. Ba bayarwa kaɗai na yi ba, da hannuna na taya shi ɗaure zartuna da igiya. Da aka sauko da akwatin daga rufi na ce shi ke nan, Baba ya tafi ana ɓoye mini ne. Na zauna a bakin ƙofa na ci kuka, Auta yana dafa kafaɗata yana cewa in yi haƙuri.

Kwana uku bayan haka aka yi jana'izar mahaifin wani ɗan kwangila a cocinmu. Aka buɗe murfi don mutane su yi ban kwana, na bi layi kamar kowa. Da na sunkuya, sai na ga shuɗin zarena kusa da kunnen wani tsoho da ban taɓa yi wa magana ba.

Na bi su har makabarta, don in tabbatar idona bai yi mini ƙarya ba. 'Ya'yan mamacin suka ce a rufe da kyau. Auta ya buɗe jaka ya fito da guduma, ta Baba, mai baƙar roba a naɗe a ƙota. Ƙusa takwas ya buga a cikin maɗacin nan, kusa da hudojin da yayansa ya yi wa fegi. Ya ajiye gudumar, ya gyara murya, ya ɗauko waƙar tashin matattu. Ranar ban ga abin kuka a muryarsa ba.

Na tare shi a bakin ƙofar makabarta. Na ce, "Auta, mutumin da ya goya ka yana numfashi, ka sayar da makwancinsa?"

Ya waiga ya ga ko akwai mai ji. "Ke Tela, katako ne fa. Likita ya ce ba zai tashi ba. In ya cika, ni zan yi masa wani."

"Da wane zarton?"

"Ki tsaya a kan kekenki," in ji shi. "Maganar gida ce."

A makon nan na ji sauran. Kayan aikin ba su taɓa isa gidansa ba, kasuwa suka wuce. Shagon ma ya je ya ce wa mai ginin wai Baba ya bar aiki, aka ba wani mai aski.

Sai Baba ya ƙi mutuwa. Ranar da ya cika wata guda ya buɗe ido ya nemi shayi. Bayan wata uku aka sallame shi, yana jan ƙafa, hannun hagu a lanƙwashe a ƙirji. Matan coci suka yi ta cewa Baba ya tashi, Baba ya tashi. Ya ce kafin a kai shi gida a biya da shi ta shago. Ya tsaya a ƙofa da sandarsa, mai aski yana yi wa wani gyaran fuska a daidai inda bencinsa yake a da. Bai dubi mai askin ba, sama ya duba. Tsohon bargon ne kaɗai a rataye a jikin katakon rufi.

Ni na faɗa masa, a cikin shagona, ban rage komai ba, har zancen makullin da na bayar da hannuna. Ya saurara har na gama. Tambaya ɗaya ya yi: "Ya buga masa ƙusa?" Na ce takwas. Ya gyaɗa kai, ya ce in kira masa mota.

Hausawa na cewa ɗan'uwa rabin jiki. Baba ya rasa rabi a asibiti, ya fito ya tarar ɗaya rabin ma ya tafi. Auta bai zo gaishe shi ba ko sau ɗaya. Na ce mu kai maganar gaban dattawan ikilisiya, ya ce ba zai tsaya a gaban mutane yana ƙarar yaron da ya yi wa wanka ba. Ya daina zuwa coci, don ba zai iya jin muryar ba. In na kai masa abinci sai in same shi a kujera yana kallon bango. Wata rana ya ce mini, "Tela, shekara arba'in ina gaya wa mutane za a tashi. Ga shi na ɗan ɗanɗana, na tashi na tarar an raba kayana. In haka tashin yake, da sun bar ni na kwanta." Na koma shago raina a ɓace, har da Allah nake jin haushi.

Wata bakwai yana haka. Sai wata mata mai sharar asibiti ta zo shagona tana neman sa. Mijinta ya rasu da safe, kuma tun yana jinya ya roƙe ta kada a rufe shi da ƙusa. Na ce mata Baba ya bar aiki. Ta ce ita dai a kai ta. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, ban san yadda ake ta da matattu ba. Amma ya ce in zo wurinka, kuma na ce masa to."

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa na dama. Sannan ya ce, "Tela, kina da wuƙa mai kaifi?"

A gaban shagona aka yi akwatin, ƙarƙashin rumfa, da zarton aro. Ni na danne katako da gwiwa, shi yana ja da hannu ɗaya yana haki. Fegi kuwa sai ya matse sanda a tsakanin gwiwoyinsa ya feƙe. Akwatin ya ɗan karkace, ba zan ɓoye ba. Amma ranar na ji ya yi wa wani mai wucewa tsiya, karo na farko tun da ya faɗi. Daga nan aiki ya dawo kaɗan-kaɗan. Ya koma coci, yana zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, in Auta ya tashi ba da waƙa sai ya sunkuyar da kai. Ya kuma fara tara katako ɗaya-ɗaya a bayan kekena, don ya sake yi wa kansa makwanci. Ba maɗaci ba ne, wancan itacen ya ƙare.

Shekara biyu suna haɗuwa a ƙofar coci, Auta yana kawar da kai. Kullum Baba yakan ɗan jinkirta a wurin, wai yana gyara sandarsa. Na san jira yake yi.

Wata Talata da hantsi matar Auta ta shigo rumfar ba ko takalmi. Ta ce Auta ya faɗi a banɗaki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ta tsaya tana murza gefen zaninta, ta kasa haɗa ido da kowa. "Yaya," ta ce, "ban san inda zan je ba."

Baba bai yi kuka a gabanta ba. Ya ce ta je gida, za a kawo. Da ta tafi ya nuna katakon da ke bayan kekena da sanda.

Na ce, "Baba, naka ne fa! Sau biyu ke nan yana raba ka da akwatinka."

"Ɗauko," in ji shi.

Na ɗauko, ina yi ina ƙunƙuni. Bai nemi awo ba, ya san tsawon yaronsa. Muka yini muna yi. Da aka zo kan murfi na shiga shago, na buɗe gwangwanin da nake tara tarkace, na ɗebo ƙusoshi na zube masa a kan katakon. Na ce, "Wannan dai ka buga masa. Takwas. In hannunka ba zai iya ba, ni zan buga."

Ya dube su, ya dube ni. Idonsa ya kawo ruwa, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Kina tsammani na huce ne? Ban huce ba, Tela. Shekara biyu ina tsaye a ƙofar coci ina jira ya ce mini Yaya, ga abin da ya sa. Bai ce ba, ya tafi da amsata. To zai tashi. Zai tashi in tashi, in tambaye shi ido da ido, ya ba ni amsa, sannan in ga ko zan iya rungumarsa. Ba zan kulle shi ba."

Ya share ƙusoshin da gefen hannu suka zube ƙasa. Ya matse sanda a tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗauki wuƙa.

Sannan na koma ciki na zauna a kan keke, na jawo farin yadi. Har yau ban yafe wa Auta ba, kuma ban yi alkawari ba. Amma matashin da na ɗinka masa, sai da na ƙara masa auduga.