Tsohuwar da Ke Noma Tsakanin Katangu

Shekarar da mijina ya samu aikin tuƙin tankar mai muka bar gidan iyayensa da ke tsohon gari, muka koma sabuwar unguwa a bakin Dogon Dutsi, ta hanyar Kiyeshe. Lokacin garin yana buɗewa ta ko'ina. An gina gidajen mai a bakin gudron, wato titin kwalta, shagunan siminti da ƙarafa sun yawaita, duk saurayin da ka sani ko yana kabu-kabu ko yana buga bulo. Wanda ya samu ɗan abin hannu sai ya sayi parsel, filin gini, ya zagaye shi da katanga. Mu ma haka muka yi: ɗaki biyu da falo, rufin kwano, da ƙofar ƙarfe shuɗiya.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. A gidan surukaina ko tari ka yi sai an tambaye ka lafiya. Amma ba a jima ba shirun sabon wurin ya fara yi mini nauyi. Mijina kullum yana hanya, sai ƙarshen wata nake ganinsa, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Ni malamar lakwal ce, makarantar boko. In an tashi, ɗan kabu-kabu yakan sauke ni inda yashi ya fi ƙarfin babur, in ƙarasa da ƙafa. Gidajen da ke kewaye da mu babu kowa a ciki. Wani an kai shi linta an tsaya, wani katanga ce kawai, masu su suna aiki a Yamai ko Dosso. Kiran salla ma sai iska ta juyo take kawo mini shi. Nakan dafa abinci in zauna ina kallonsa, don ban saba ci ni kaɗai ba.

Bayan ruwan farko na damina, na leƙa waje da la'asar sai na ga wata tsohuwa a filin da ke fuskantar ƙofarmu, ta duƙa da ƙaramar fartanya tana shuka. Na tsaya ina mamaki, sannan na ɗebo ruwa a moɗa na tsallaka.

"Sannu da aiki, Inna."

Ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu. "Yawwa, ɗiyata. Ke ce ta gidan ga?"

Na ce ni ce. Na tambaye ta ko filin nata ne.

Ta sha ruwan, ta goge baki da gefen zane. "Nan duk gonar mai gidana ta, Allah ya jiƙan shi. Daga wancan gawon har bayan ɗakinki. Da anka yanka ta filayen gini, yara sunka samu nasu rabo, sunka saida. Ni dai inda ba a gina ba nike ɗan zuba iri, kafin masu shi su zo."

Ba da ɗaci ta faɗa ba. Daga baya ta ba ni labari cewa gonar ta gaji tun mijin yana da rai, hatsinta ba ya kai su rani. Babban ɗanta yanzu yana sayar da mai a wani gidan mai, ƙaramin ya buɗe shago a kasuwa, kuma ba a taɓa kwana da yunwa a gidan ba tun da aka sayar. Abin da ta kasa shi ne zama. Ta ce in ta ji ƙamshin ruwan sama, hannunta ƙaiƙayi yake yi.

Daga ranar na samu abokiyar hira. Takan taho daga cikin gari da ƙafa, ta shuka kuɓewa da yakuwa da ɗan wake a filaye uku ko huɗu da ke tsakanin katangu. In na dawo daga lakwal sai in canza kaya, in ɗauki tabarma da kwanon abinci mu zauna a inuwar katangar wani mutum da ba mu taɓa gani ba. Ba wata magana mai nauyi muke yi ba. Tsadar tattasai, ciwon gwiwarta, rashin jin yaran ajina. Wani lokaci ta nuna mini kusurwar wani gini ta ce nan take ɗaura wa ɗanta shimfiɗa yana jariri. Ni kuma a gabanta na fara faɗa da baki cewa ina kewar hayaniyar gidan surukaina. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Damina biyu muka yi haka. Kowace shekara filayen suna raguwa. A ta ukun, fili ɗaya ya rage mata, wanda ke gaban ƙofarmu. Kuɓewa ta yi fure, ta fara 'ya'ya, sai wata ranar Asabar na ji ƙugin babbar mota. Na fito na tarar da tifa ta juye yashi a tsakiyar shukar, ga wata mota cike da bulo tana jira. Magini ya gaishe ni da ladabi, ya ce mai filin ya aiko daga Yamai a fara aiki, bai san da shuka a wurin ba.

Tsohuwar ta iso suna cikin sauke bulo. Ta tsaya da fartanyarta a kafaɗa. Maginin ya cire hula ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Aiko mu anka yi."

"Ba komi, ɗana," ta ce. "Wurin shi na. Ku dai ba mu zuwa la'asar."

Suka koma gefe suka fara da ɗaya kusurwar. Ni da ita muka shiga muna tsinke duk abin da ya tsira, ƙananan kuɓewa da ba su kai ɗan yatsa ba, da ganyen yakuwa, da ganyen wake. Muka yi ta tsinka har muka cika ƙwarya. Ni ce na yi ta share ido da bayan hannu, ita tana yi kamar ba ta gani ba.

Ranar na ce mata ta zo ta yi shuka a tsakar gidanmu, akwai wuri bayan ɗaki. Ta yarda, da damina ta zagayo ta zo. Shukar ta tsiro da kyau, amma ita ba ta daɗe a ciki. Ta yi ɗan aiki sai ta miƙe ta dubi katangar nan mai tsawo ta kowane gefe.

"Nan ba a hangen komi," ta ce mini wata rana. "Ko hadari ba ka ganin tasowa tai sai ya zo bisa kanka."

Zuwanta ya fara jinkiri, daga kullum ya koma jefi-jefi, sannan ya tsaya. Na jira har na gaji, sai na tafi gidan man da ɗanta yake aiki. Yana zuba wa wani babur mai na gaishe shi, na ce ni ce ta sabuwar unguwa.

"Af, Madam! Tana yawan zancenki," ya ce. "Ai ta koma Ɗan Kassari wurin ƙanwarmu. Can akwai gona, sun ba ta gefe guda. Ta ce in na gan ki in gaishe ki, wallahi aiki ya sha kaina."

Ya gwada kiran wayar ƙanwar don mu gaisa, ba ta shiga ba. Na yi mata murna da gaske. Na hau kabu-kabu na koma gida, na tsinke kuɓewar da ta bari na shanya.

Yanzu unguwar ta cika. An jawo wuta da famfo, akwai masallaci a kusa, akwai shago da mai niƙa, an zuba jar ƙasa a hanya har babur yana kai ni ƙofa. Maƙwabtana ma'aikata ne da 'yan kasuwa, mutanen kirki iya sanina. Suna fita da safe, su dawo da yamma, ƙofar ƙarfe ta buɗe ta rufe. Mukan ɗaga wa juna hannu.

Bara aka yi suna a gidan da aka gina a gaban namu. Da na ga an kafa rumfa da kujeru na san an haihu. Na yi wanka, na ɗauki turmin atamfa da sabulu na shiga. Mata sun cika tsakar gida, 'yan'uwa daga Tibiri da Yamai, ana ta raha. Yayar mai jegon ta karɓe ni hannu biyu, ta ba ni wuri, ta kawo mini abinci. Sannan ta tambaye ni, "Hajiya, daga wace unguwa?"

Na ce daga gidan da ke kallon nasu.

Ta kama baki ta ba ni haƙuri, muka yi dariya. Na ci abincin, na ɗauki jaririyar na yi mata addu'a, na tsallaka hanya na koma gida.