Ni na hana mahaifina zuwa Makka da ruwan batir

A shekarar da abin nan ya faru ina gyaran babura a bakin tashar Madawa, kuma ni ne ɗan da ake yi wa kallon mai dabara a gidanmu. Rediyo ya lalace, ni. Injin ban-ruwa ya ƙi tashi, ni. Na saba da haka har na ɗauka babu abin da hannuna ba zai gyara ba kafin la'asar. Ba ni da haƙuri ko na anini, wannan kowa ya shaida.

Mahaifina manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Galma. Tun ina ƙarami yake maganar Makka, sai a wannan shekarar Allah ya nufa sunansa ya fito. Saura kwana arba'in a tafi Yamai hawa jirgi na je gaishe shi, na tarar yana ɗan ɗingishi. Ya nuna mini tafin ƙafarsa ta dama. Wani abu ne mai tauri kamar ƙwayar dawa, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a tsakiya. Ya ce ba ciwo ba ne, ji yake kamar tsakuwa ta shiga takalmi, in bar shi. Ni kuwa tun daga nan hankalina ya tashi. Ina kwance babur ina lissafin ɗawafi da Safa da Marwa, ina ganin tsohona yana jan ƙafa a cikin dubban mutane.

Da farko na rantse ƙaya ce, don a wajenmu duk abin da ya yi baƙi a tafin ƙafa ƙaya ake ce masa. Na tone shi da allura har sau uku, ban ciro komai ba sai jini. Innata ta leƙa ta ce tusar jaki ce, a kai shi likita. Na ce mata likita zai ce a yi ta shafa magani wata biyu, mu kuwa kwana talatin muke da shi. Wani abokin aikina ya ba ni labarin yadda ya ƙone tasa da ruwan batir cikin mako guda. Ban tambayi kowa ba, na ɗura a kwalba na hau babur.

Baba ya miƙo mini ƙafa ba musu, yana ma tsokanata wai yau an mai da shi tsohon babur. Na ɗiga masa da tsinke. Na tambaya ko da zafi, ya ce ko kaɗan. Wallahi murna na yi, na ƙara. Na san yana da ciwon suga shekara da shekaru, amma ban san ciwon yana kashe jin ƙafa ba, ban san kuma yana hana miki warkewa ba. Kwana huɗu ina zuwa ina ɗigawa, ina komawa ina kasa zama a garejin.

A rana ta tara Inna ta kira ni ta ce ɗakin ya fara wari. Muka kai shi gidan likita a Madawa, daga can aka tura mu Tawa. Likitan ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Kafin in buɗe baki Baba ya ce shi ya yi wa kansa. Likitan ya ce abin da ke ƙafar tun farko ƙaramin abu ne, da an zo da shi da an kankare masa a hankali, an sa masa abin da zai tare tsakuwar da yake ji, ya yi aikin hajjinsa lafiya. Aka yanke yatsu biyu da wani sashe na tafin. Ranar da abokan tafiyarsa suka tashi, yana kan gado ana wanke masa miki, ni kuma ina zagaye harabar asibitin, na kasa shiga na kasa tafiya.

Baba ya ce baɗi in Allah ya yarda. Baɗin ta zo ƙafar ba ta rufe ba, kafin shekara ta uku ya rasu. Bai taɓa faɗa wa kowa ni ne ba. Inna ta sani, ita ma ba ta taɓa ɗaga maganar ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Abin da na gane shi ne, ba ƙafar Baba nake yi wa magani ba, gaggawata nake yi wa. Shi ya ce in bar shi, ni ne na kasa zama. Don Allah duk wanda ya ga irin wannan abu a tafin ƙafarsa ko ta wani nasa, kada ya tone, kada ya ƙone, balle in akwai ciwon suga. A kai wa masu aikin su duba, ko da za a jira. Silifas ɗin da na saya masa na ihrami suna nan rataye a ɗakin Inna cikin ledarsu. Ko ƙasa ba su taɓa takawa ba.